Katsina tsakanin yaƙi biyu: abin da ya shigo ta fada, da abin da ya shigo ta Ƙofar Guga

Ranar 5 ga Maris 1922 Gwamnan Nijeriya, Hugh Clifford, ya zo Katsina buɗe kwalejin horon malamai wadda ta fara ɗaukar ɗalibai tun 1921. Cikin jawabinsa ya kawo dalilai biyu na zaɓen garin. Na farko, sunan da Katsina ta yi wajen ilimi tun zamanin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Na biyu kuwa, wai garin ya yi nisa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar kasuwanci, saboda haka samari za su yi karatu cikin natsuwa, ba mai hure musu kunne. Turawan mulki sun ga irin 'yan bokon da Ikko ta haifar, masu jarida da baki, ba su kuwa son a maimaita a Arewa.

Lissafin ya yi kyau a takarda. Sai dai shekaru ashirin ɗin da suka raba yaƙin duniya na farko da na biyu ba su bar kowa ya zauna yadda yake ba. A Amurka su ne shekarun da mota da rediyo da silima suka shiga rayuwar talaka, mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a 1920, kana kasuwar hannun jari ta rushe a 1929. Katsina ba ta da masana'anta ko ɗaya, amma guguwar ta iso ta, kuma ta hanya biyu ta shigo. Akwai abin da ya bi ta Ƙofar Soro, aka naɗa masa rawani tukuna aka fito da shi. Akwai kuma wanda ya bi ta ƙofofin ganuwa a bayan jaki, ba wanda ya yi masa iso.

Ƙofar Guga, da ke fuskantar ɓangaren Jibiya da Maraɗi, ta shafe ƙarni guda tana kallon abokan gaba. Tun da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin a wajen 1807, zuriyarsu ta kafu a Maraɗi, yamma da arewa maso yammacin Katsina suka zama filin hari da ramuwa. Wanda ya yi gona can nesa da ganuwa ya san da ransa yake caca. Zuwan Turawan Ingila ƙarƙashin Lugard a 1903, da iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908, suka kashe wannan yaƙi. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina ta faɗa hannun Ingila. Kafin a kai 1920 an sami samarin da ba su taɓa jin kuwwar hari ba. Ganuwa ta soma zubewa ba mai yaɓe, dajin da ake tsoro ya soma zama gonaki da ƙauyuka, ƙofa kuma ta koma mashigar masu itace da fatake da 'yan cin rani.

Mutumin da ke kan gadon sarauta duk tsawon wannan lokaci shi ne Muhammadu Dikko. Durɓi ne shi kafin 1906, lokacin da Turawa suka tuɓe Sarki Yero, suka ɗauke sarauta daga gidan Dallazawa suka ba shi, Basulluɓe. Wannan asali yana da muhimmanci ga mai son fahimtar halinsa. Sarkin da bai gaji sarautar daga uba ba dole ya nemo abin dogara, Dikko kuwa ya same shi wajen iya tafiyar da sabon zamani. Da shi da Razdan Palmer aka fara kafa baitulmali a Katsina, tsarin da daga baya ya bazu a sauran masarautu: haraji ya shiga asusu, hakimi da alƙali su koma cin albashi.

A 1921 ya yi abin da babu wani sarki mai ci a Arewa da ya yi kafinsa a zamanin Turawa. Ya sauka Ikko, ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, daga nan ya wuce Makka ya sauke farali. A lura da yadda aka jera tafiyar. Da Landan kaɗai ya je ya komo, da malaman gari sun sami abin faɗa. Amma ya dawo yana Alhaji, a zamanin da aikin hajji ke cin shekaru a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu ma ba su dawowa. Wa zai ce da Alhaji ya bi Nasara? Ya sake zuwa Ingila a 1924 don bikin baje kolin daular Ingila a Wembley, ya kuma koma a 1933 da 1937.

Dabarar da ya yi da hajji ita ya riƙa yi da komai. Ƙwallon dawaki wasan hafsoshin Turawa ne, amma a ƙasar da doki ke nuna matsayin mutum, ba a sha wahalar mai da shi na gida ba. Dikko ya sa 'ya'yansa da bayin sarki a kan sirdi, ya ba su sanda, ba a jima ba 'yan Katsina suka riƙa cin Turawan da suka koya musu. Ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labarinsa har wajen Nijeriya. Shi wannan Nagogo ne aka ba shugabancin 'yan doka a 1929, sabuwar rundunar En'e mai kaki da fareti, wadda ta zauna gefe guda da dogarai masu jan rawani. A 1930 aka buɗe wuraren karatun 'yan mata na farko na En'e a Kano da Katsina, da malamai mata Turawa. 'Ya'yan fada da na masu sarauta aka fara zubawa, ana koya musu karatu da ɗinki da tsabta. Adadinsu bai taka kara ya karya ba, kuma aure kan ɗauke yarinya tun ba ta yi nisa ba. Duk da haka, sarki ya sa na gidansa, bakin hakimi ya mutu.

Kwalejin ita ce ta fi barin tabo. Ginin ƙasa ne irin na gida, da katanga mai kauri da soraye, yana nan har yau a Rafindaɗi an mai da shi gidan tarihi. Yaro zai taso daga Sakkwato ko Bauchi ko Barno ko Bida, wani ya yi kusan mako yana tafe a ƙasa da ɗan akwatinsa a kan mai dako, ya zo ya yi shekara biyar. Da Ingilishi ake koyarwa, kuma ana matsa wa furuci lamba ƙwarai, abin da ya sa muryar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta riƙa ba Turawa mamaki bayan shekaru talatin. Da la'asar a fita kurket, ko ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wadda Ahmadu Bello bai rabu da ita ba har ƙarshen ransa. Ana kuma karatun Larabci da addini, a hannun malamai irin su Bello Kagara.

Kashim Ibrahim ya shiga a 1925, Ahmadu Bello a 1926, Abubakar Imam a 1927, Tafawa Ɓalewa a 1928. Da Aliyu wanda ya zama Makaman Bida, da Isa Kaita, da Musa 'Yar'aduwa, da Sa'adu Zungur, duk ta nan suka bi. An horar da su ne don su koma garuruwansu su koyar a makarantun En'e, su yi wa sarki biyayya, su tsaya nan. Abin da masu tsarin ba su hango ba shi ne, a karo na farko an tara Basakkwace da Babarbare da Banufe da ɗan Ilori a tsakar gida ɗaya, suna cin tuwo tare, suna gardama da harshe ɗaya. Kafin wannan akwai Kano, akwai Barno, akwai Zazzau. Tunanin cewa akwai wani abu guda mai suna Arewa, wanda za a iya yi wa jam'iyya da gwamnati, a ganina a tsakar gidan nan ya fara tsiro. A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda daga baya ta ɗauki sunan Barewa.

Rubutun boko ma a wannan tsakanin ya sami abin karantawa. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa, akwai na mutanen kwalejin Katsina: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Ajami bai mutu ba, makarantun allo sun ninka na boko nesa ba kusa ba. Amma takardar haraji da ta kotu da ta albashi sun soma komawa boko, kuma inda abinci yake can ido ke bi.

To, wannan duk labarin fada ne da na 'yan makaranta. Manomin da ya koro jakinsa ta Ƙofar Guga da hantsi, mangala cike da gyaɗa, wani labari ne da shi.

Kakansa da wuri ya yi ciniki, harajinsa kuma yakan biya da dame ko da tufa. Shi kuwa an ce sai tsabar kuɗin Bature: sule da sisi da taro, da kwabo da ɗari da anini masu huji, waɗanda ake zurawa a zare. Gero ba ya kawo sule da sauri. Gyaɗa ke kawowa, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka fara rububinta a 1912. A kudancin masarautar kuma auduga ce, musamman da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Birnin Katsina bai ga jirgi ba, amma raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, sun haɗa shi da Kano. Sai manomi ya sauke kaya gaban ɗan baranda, a ɗora buhu a sikeli, a faɗa masa nauyin da ba shi da hanyar musantawa, a zare bashin da ya ci da damina, a miƙo masa saura. Daga nan dagaci na jiransa. Abin da ya rage shi zai shiga kanti: akoko, gishiri, kananzir, ashana, tasar kwano mai fure da amarya ta fara cewa sai da ita.

Yunwar 1927 ta nuna haɗarin wannan sabon zama, don gonar da aka ba gyaɗa ba ta cika rumbu. Ba a gama farfaɗowa ba fara ta sauka shekara bayan shekara. Sannan a watan Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi, masana'antun Turai suka rage sayen mai, farashin gyaɗa a Kano ya zube, kafin 1934 bai kai rabin abin da yake a ƙarshen shekarun 1920 ba. A 1929 ɗin ne kuma manyan kamfanonin Ingila suka haɗe suka zama UAC, masu saye suka ragu, ciniki ya zama na a karɓa ko a bari. Haraji bai sauko daidai da farashi ba. Mutumin da bai taɓa jin sunan Amurka ba ya sayar da akuyarsa saboda abin da ya faru a wani titi na can. Wasu suka ƙara faɗin gonar gyaɗa don su cike giɓi, wanda ya ƙara karya farashin. Wasu suka bazama cin rani. Ta ɗaya gefen iyaka kuma, mutanen ƙasar Faransa na tsallakowa suna gudun aikin tilas da nasu harajin, su sami dangi a Jibiya ko Kaita su zauna.

Akwai canjin da aka yi shi ba ganga. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba ta 'yanta iyayensa kai tsaye ba. Bawa sai ya yi murgu, ya tara kuɗin fansa, ya je gaban alƙali a ba shi takarda. Kuɗin gyaɗa da na cin rani sun fanshi mutane da yawa. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa. Rinji ya zama ƙauye, bawan gandu ya zama manomi mai biyan harajin kansa, ko da yake in maganar aure ta taso tsofaffi ba su manta asalin kowa ba.

Amurkawa da kansu sun iso, ta wata ƙofar da ba a zata ba. An daɗe ana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi, amma kuturta ta gagari En'e, ga kuɗi ya yi ƙaranci. A wajen 1937 aka miƙa wa mishan ɗin SIM, wadda yawancin ma'aikatanta daga Amurka da Kanada suke, kula da zangon kutare na Kano da Sakkwato da Katsina. Na Katsina shi ne na Babbar Ruga, yamma da birni. Can hayin iyaka ma sun riga sun kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. Sarakuna sun yarda ne bisa sharaɗin magani, 'yan mishan kuwa da nasu nufin, aka yi ta jan igiya a kan yaran da ke girma a zangon.

A 1934 aka ba Katsina lardin kanta tare da Daura, bayan ta zauna ƙarƙashin Kano, sannan Zariya tun 1926. Nagogo ya zama Magajin Gari a 1937, kowa ya gane inda aka dosa, shi ne kuwa ya gaji uban da ya rasu a 1944. Imam ya bar aji ya koma Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito yana editanta na Hausa. Mutum ɗaya mai boko zai saya, a zauna a zaure ya karanta wa goma. Wata takwas bayan haka yaƙi ya ɓarke a Turai, jaridar ta cika da labarin Hitila, aka shiga ɗaukar samari soja, aka kuma dawo ana roƙon manomi ya ƙara gyaɗa. A 1941 Isa Kaita ya ajiye alli a Midil ta Katsina ya tafi Ankara ta ƙasar Gwalkwas, inda shi da Bello Dandago na Kano suka riƙa karanta labaran yaƙi da Hausa a rediyo.