Magungunan tsinka jini a rikicewar bugun zuciya

Magungunan tsinka jini magunguna ne da ke rage saurin daskarewar jini a jikin mutum. Duk da sunan da aka san su da shi, ba sa mayar da jini ruwa-ruwa, aikinsu shi ne jinkirta haɗuwar gudan jini. Ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke sa likita ya rubuta su shi ne kare mai rikicewar bugun zuciya, wadda likitoci ke kira atrial fibrillation, daga shanyewar ɓarin jiki.

Yadda ciwon ke jawo shanyewar ɓarin jiki

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. A wannan ciwo ɗakunan sama ba sa matsewa yadda ya kamata, sai dai su riƙa karkarwa ba tsari. Saboda haka jini yakan kwanta, musamman a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu, har ya daskare. Idan gudan ya ɓalle, jini zai iya ɗaukarsa zuwa ƙwaƙwalwa ya toshe jijiya. Binciken Framingham da aka yi a Amurka ya nuna cewa ciwon yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Wasu masu ciwon suna jin faɗuwar gaba, haki ko jiri, wasu kuwa ba sa jin komai sai ranar da suka faɗi. Ana tabbatar da shi da gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda.

Waɗanda ake ba maganin

Ba kowane mai ciwon ake ɗorawa a kan maganin ba. Likitoci suna amfani da wani ma'auni mai suna CHA2DS2-VASc, wanda aka fitar a 2010. Ana ba da maki ɗaya-ɗaya ga gazawar zuciya, hawan jini, ciwon suga, ciwon jijiyoyin jini, shekara 65 zuwa 74, da kasancewa mace. Ana ba da maki biyu ga wanda ya kai shekara 75 da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Namiji mai maki biyu ko mace mai maki uku, galibi ana ba su shawarar shan maganin har iya rayuwa.

Warfarin

Warfarin shi ne mafi daɗewa. Asalinsa daga ciwon dabbobi ne: a shekarun 1920 shanu a Kanada da arewacin Amurka sun riƙa mutuwa da zubar jini bayan cin wata harawa da ta yi fumfuna. Karl Paul Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke jawo haka. Daga nan aka haɗa warfarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, sannan aka amince a ba mutane a 1954. Shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya sha shi bayan ciwon zuciyar da ya same shi a 1955.

Warfarin yana hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran daskarar da jini. Yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi biyu cikin uku, alhali asfirin yana ragewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai, shi ya sa aka daina ɗaukar asfirin a matsayin madadinsa. Wahalar warfarin ita ce dole a riƙa gwajin jini mai suna INR a kai a kai. Ga yawancin masu wannan ciwo ana so sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ya yi ƙasa, kariya ta ragu. Idan ya yi sama, zubar jini ya matso.

Sababbin magunguna

Daga 2010 zuwa 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sababbi guda huɗu: dabigatran a 2010, rivaroxaban a 2011, apixaban a 2012 da edoxaban a 2015. Kowannensu yana tare sinadari ɗaya ne kai tsaye, ba sa buƙatar gwajin INR, kuma zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta su da warfarin. Apixaban da dabigatran sau biyu ake sha a rana, rivaroxaban sau ɗaya tare da abinci. Ana duba lafiyar ƙoda kafin a tsayar da adadin da za a sha. Ƙarfinsu yana gushewa da wuri, don haka tsallake kwana ɗaya ko biyu yana barin mutum ba kariya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su cikin jerin muhimman magunguna.

Masu lalacewar ƙofar zuciya

A Turai da Amurka ciwon ya fi kama tsofaffi. A Afirka kuwa yana kama matasa da yawa, musamman mata, ta hanyar zazzaɓin rumatik. Wannan zazzaɓi yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a magance ba, daga baya ya ƙuntata ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya. Binciken INVICTUS, wanda aka wallafa a 2022, ya bi mutum 4,531 masu irin wannan lalura a ƙasashen Afirka, Asiya da Latin Amurka. Mace-mace sun fi ƙaranci a cikin masu shan warfarin da danginsa fiye da masu shan rivaroxaban. Saboda haka warfarin ne zaɓi ga waɗannan, haka ma ga wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe.

Haɗari da kiyayewa

Babban haɗarin duk waɗannan magunguna shi ne zubar jini. Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, baƙin bayan gida, aman jini, matsanancin ciwon kai ko buguwa a ka, duk suna buƙatar zuwa asibiti nan take. Ana karya ƙarfin warfarin da bitamin K da ƙarin ruwan jini, dabigatran kuma da allurar idarucizumab.

Magunguna da dama suna karo da warfarin. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi, rifampicin na tarin fuka yana rage masa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Ganyaye kamar alayyafo da kabeji suna da bitamin K mai yawa. Ba a hana cin su ba, abin da ake so shi ne kada yawan da ake ci ya sauya kwatsam. Warfarin yana cutar da ɗan tayi, don haka mace mai ciki ko mai neman haihuwa ana duba yiwuwar mayar da ita kan allurar heparin.

A arewacin Najeriya

A ƙasar Hausa akwai abubuwan da ke ƙara wa al'amarin nauyi. Aikin wanzamai, kamar ƙaho, tsaga da cire beli, yana iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa ga mai shan maganin, haka ma cire haƙori ba tare da sanar da likita ba. Sayen magani a kemis ba takarda da haɗa shi da saƙe-saƙin gargajiya suna dagula sakamakon INR. Lokacin azumin Ramadan, mai shan magani sau biyu a rana yana buƙatar shawarar likita kan yadda zai daidaita shi da sahur da buɗa-baki.

Nisa da kuɗi su ma matsala ne. Likitocin zuciya da gwajin INR sun fi samuwa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai ciwo daga ƙauye kamar Kunduru, a yankin Kankiya da Kusada, warfarin ya fi masa araha, amma yana haɗe da kuɗin mota da na gwaji wata-wata. Sababbin magungunan sun ɗauke wannan zirga-zirga, sai dai sun fi tsada, kuma yawancin mutane daga aljihunsu suke biya. Likita yakan auna irin ciwon, lafiyar ƙoda, nisan asibiti da ƙarfin aljihun mai ciwo kafin ya zaɓa masa wanda zai iya ɗorewa a kai.