Hanyar Haɗin Kai da Karorin Hausa

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tana fitowa daga iyakar Mali, ta ratsa Tilaberi, Yamai, Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa da Damagaram, ta ƙare a Ngigmi. Tushenta yana cikin tarihin iyaka. Yarjejeniyar 1898 ta bai wa Ingila ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, ayarin Faransawa ya koma bin arewa, inda rijiyoyi suke da wuya. Gyaran 1904 da na 1906 ya buɗe musu hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Da aka mai da babban birni Yamai a 1926, zirga-zirga ta karkata yamma.

Matafiyi a kan hanyar nan yana jin Arewanci, sa'an nan Gobiranci da Katsinanci, daga bisani Damagaranci, kafin ya shiga ƙasar Barebari. A tashoshin mota karorin suke cuɗanya. Saboda haka ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su saurari Hausar tasha kafin su zaɓi kalmomin da kowa zai gane.