Lambar 52x da Faifan da Ke Daskarewa

In ka taɓa sayen faifan fim ko na wa'azi a kasuwar Tambuwal ko Kebbe a shekarun 2000, ka san abin. Ana tsakiyar kallo hoto ya daskare, a ciro faifan a goge da bakin riga, a mayar, ya sake tsayawa a daidai wurin. Ƙura ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa tun daga wajen kwafi aka ɓata shi.

Philips da Sony ne suka fito da CD a 1982, kuma a masana'anta ake buga shi. Wanda ake iya ɗora wa abu, wato CD-R, a 1988 aka tsara shi. Wani siririn rini ne a cikinsa, hasken leza ke ƙona ɗige-ɗige a kai. A gudun 1x, faifan minti 80 sai ya ci minti 80 kafin ya cika. Da aka kai 52x, minti uku ya isa, faifan na juyawa wajen sau 10,000 a minti.

Da fina-finan Hausa suka bar kaset suka koma VCD, daga Ƙofar Wambai ta Kano kaya ke fitowa, masu shaguna kuma su yi ta kwafi. Wanda ke ƙona fetur a janareta, ai ba ka ce masa ya rage gudu ba.

To amma gudu na da farashi. Faifan na girgiza, lezar ba ta samun isasshen lokaci, ɗigon ya fito bakinsa a dusashe. Kwamfuta kan daure ta karanta, tsohuwar na'urar VCD mai ƙura a ido kuwa sai ta gaza.

Sai aka riƙa cewa mafi jinkiri shi ne mafi kyau. A da akwai gaskiya, don in kwamfuta ta kasa ciyar da lezar bayanai a kan lokaci, faifan ya tashi daga aiki, kafin Sanyo ya magance wannan a 2000. Amma rinin da aka haɗa don 52x bai son 2x. A ganina 16x ya fi zama lafiya.

In faifan bikin gidanku na cikin akwati har yanzu, kwafe shi zuwa waya ko kwamfuta, domin zafi da hasken rana na cin rinin nan a hankali.