Garin Bath: Ruwan Zafi Daga Ƙasa Da Kangon Rumawa

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Bauci, ya aiko da takarda yana cewa ya sha yin wanka a ruwan Wikki na Yankari. To wai da gaske ne akwai wani gari a Ingila mai ruwan da ya fi wannan zafi, kuma yana maganin ciwo?

To Malam, garin dai akwai shi. Sunansa Bath, wato wanka ke nan da Turanci, yana kudu maso yammacin Ingila, kuma Allah ya sa na taɓa zuwa. Ɗumin Wikki awo 31 ne a ma'aunin zafi, na Bath kuwa 46, kuma kullum sai ya fitar da lita fiye da miliyan 1. Ba aikin aljannu ba ne. Ruwan sama ne da ya nitse can ƙarƙashin ƙasa, zafin duwatsu ya dafa shi, sa'an nan ya ɓullo.

Rumawa sun shiga Ingila a shekara ta 43 Miladiyya. Wajen shekara ta 60 zuwa 70 suka gina ɗakin bauta a bakin ruwan don gunkiyarsu Sulis Minerva, suka kira garin Aquae Sulis. Babban kududdufin wankan da suka yi, da fallayen dalma suka shimfiɗe gindinsa, har yau yana riƙe ruwa. Bayan mulkinsu ya ƙare wajen 410, ginin ya rufta, laka ta binne shi, sai wajen 1880 aka tono kududdufin.

Abin da ya tsayar da ni a wurin ba ginin ba ne. An tsamo kuɗaɗe fiye da 12,000 da mutane suka jefa a ruwan, da 'yan allunan dalma wajen 130 masu rubutu. Ka san me aka rubuta? Allah-ya-isa! Mutum ya tuɓe ya shiga wanka, ya fito ba riga, sai ya kai ƙara wurin gunkiya. Wani safar hannunsa aka ɗauke, ya roƙa ɓarawon ya haukace, ya kuma makance. Wani kuwa azurfa 6 aka zare masa daga jaka. Kai da kake kasuwa, ai ka san zafin wannan.

Batun magani fa, a yi hattara. Masu sanyin ƙashi sun daɗe suna zuwa, har Sarauniya Anne ta je a 1702, kuma ruwan ɗumi yakan sassauta ciwon gaɓoɓi. Amma sassauci daban, warkewa daban. A 1978 wata yarinya ta rasu da sanƙarau bayan ta yi iyo a ruwan, saboda wata ƙwayar cuta da ke ciki, aka hana wanka. Sai a 2006 aka buɗe sabon gidan wanka da ruwan da aka tace. Na Rumawan kuwa kallo kawai ake yi, ruwan ya yi kore shar da gansakuka, ko hannu an ce kada a tsoma.

Da fatan ka gamsu, Malam. A gaishe mana da mutanen Bauci.