Lander ya samu taga, Abubakar fa?

Al'adar mutanen Ingila ce idan wani nasu ya rasu su sa masa tagar gilashi mai launuka a coci, da sunansa a jiki, domin a riƙa tunawa da shi. A majami'ar Savoy da ke Landan, ginin farkon ƙarni na 16, an yi wa Richard Lander irin wannan taga. Da fari matarsa da 'yarsa ne suka kafa masa abin tunawa, gobarar 1864 ta cinye shi, sai ƙungiyar Royal Geographical Society ta maye gurbinsa da tagar. Daga baya, a Yaƙin Duniya na Biyu, bama-baman Jamus suka farfasa yawancin tagogin majami'ar.

Me ya jawo masa wannan girma? Wata tambaya ce da ta daɗe tana hana Turawa barci: ina kogin Kwara yake zubawa? Wasu suka ce Nilu, wasu tafkin Cadi, wasu kogin Kwango. Mungo Park ya halaka a Busa wajen neman amsa. Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa, ajali ya riske shi a can ranar 13 ga Afrilu, 1827. Lander, wanda a lokacin baransa ne, shi ya binne shi.

A 1830 Lander da ƙanensa John suka taso daga Badagry, suka kai Busa da Yawuri, suka bi ruwa cikin kwalekwale. Sun wuce mahaɗar Binuwai, an kama su an kai su wurin sarkin Aboh, a watan Nuwamba suka fito bakin teku ta wajen Brass. Amsar ta shafe mu har a nan unguwar Federal Low-Cost ta Gombe, domin Gongola da aka datse a Dadin Kowa, inda ake turo wa garin Gombe ruwan sha, a Numan take shiga Binuwai, Binuwai kuma ta tarar da Kwara a Lakwaja.

Sai dai cikin kwalekwalen nan akwai wani dattijo da Turawa ke kira William Pascoe. Sunansa na yanka Abubakar, Bagobiri ne. An kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi daga jirgin bayi, ya zama ma'aikacin jirgi. Shi ne tafintan Clapperton a tafiyar 1825, ya kuma dawo tare da Lander. A wancan zamanin da Hausa ake ciniki daga Borgu har Nupe, bakinsa ne ke nema musu masauki da abinci da izinin wucewa a fadar sarakuna.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda suka rubuta shi. A littattafansu ɓarawo ne, mai auri-saki, mai gudu, domin ya tsere musu a Kano da wasu kayansu, kuma fiye da sau ɗaya. Ban wanke shi daga ɗaukar kayan ba. Amma mutumin da aka raba da gida shekara da shekaru, ya buɗe ido ya gan shi a ƙasar Hausa, yana jin harshen uwarsa a kasuwa, wa zai yi mamaki don ya so ya zauna? Duk da haka da shi aka kai ƙarshen kogin.

Ya sake bin Lander a tafiyar jiragen tururi ta 1832, wadda Macgregor Laird ya shirya, kuma a cikinta ya rasu, a 1833. Lander bai daɗe a bayansa ba: an harbe shi a yankin Neja Delta, raunin ya kashe shi a tsibirin Fernando Po cikin Fabrairun 1834.