Daga Shata Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Tasi a Birnin Kano

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwana ɗalibai, har ma da waɗansu malamanmu, suna cewa wai motocin hayan nan da ake kira ta wayar hannu, watau irin su Bolt da Uber, su ne suka kashe tasi. Mai yiwuwa ne maganar ta yi daidai da abin da ya faru a waɗansu biranen duniya. Amma a nan Kano, duk wanda ya bi tarihin abin hawa sannu a hankali zai ga cewa sa'ad da waɗannan kamfanoni suka iso, sun tarar an riga an yi wa tasi sutura, har an share makoki. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun tasi tun daga tasowarta har zuwa faɗuwarta, sa'an nan in nuna gurbin da manhajar waya ta zo ta cike, da kuma wanda cikewar take ci wa aljihu.

Kafin zuwan Turawa, mutumin Kano ba ya bukatar abin hawa na haya a cikin gari. Daga Mandawari zuwa Kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce, kaya kuwa jaki ke ɗauka, doki na masu sarauta ne da attajirai. Nisa ya shigo ne bayan da jirgin ƙasa ya iso a shekarar 1911, aka kafa Sabon Gari, Turawa suka zauna a Nassarawa da Bompai, kantuna da ofisoshi suka koma wajen ganuwa. Da farko keke ne ya toshe wannan kafa. Tasi kuwa ba ta bunƙasa sosai ba sai bayan da Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975. A wannan shekara ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Mutum yana iya sayen sabuwar mota dal, Fijo ko Datsun, ya yi mata fenti, ya ba direba, kullum da yamma a kawo masa balas.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu a nan, domin a kansa sauran bayanin ya dogara. Tasi a ƙasar Turai mota ce da mutum ɗaya yake ɗauka, mita tana lissafa masa kuɗi. Da ta zo hannunmu sai muka raba ta gida biyu. Kashi na farko shi ne na talaka: direba ya ɗauki wannan ya sauke wancan, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Kashi na biyu shi ne shata, watau mutum ya ɗauki motar shi kaɗai ta kai shi har ƙofar gida, kamar mai kai mara lafiya asibiti, ko mai tarbar alhaji a filin jirgin sama, ko masu kai amarya. A wajen shata babu mita, ciniki ake yi, "nawa za ka kai ni", "albarka", "to, kawo". Kuma direba yakan dubi rigar mutum da takalminsa kafin ya yanka masa kuɗi. Baƙo ya fi kowa shan wuya, musamman wanda ya sauka da dare, bai san gari ba, bai kuma san farashi ba.

Abin da ya fara karya tasi shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida a 1986. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai haya, kayan gyara suka yi tsada. Aka koma sayen 'yar Kwatano, wadda wani ya riga ya ci moriyarta a Turai. Duk wanda ya girma a wancan lokaci yana ba da labarin tasin da ake ɗaure ƙofarta da igiya, da wadda sai fasinja sun fito sun tura. A daidai wannan lokaci ne acaɓa ya yaɗu. Babur yana shiga lungun da mota ba ta shiga, ba ya jiran fasinja su cika, ga shi kuma matasa marasa aikin yi sun yi yawa. Da baburan ƙasar Sin masu araha suka cika kasuwa, irin su roba-roba, sai ɗan acaɓa ya zama shi ne shatar talaka. Ya ƙwace wa tasi gajeriyar tafiya, motocin hayis kuma suka riƙe dogayen hanyoyi, kamar daga Bata zuwa Kabuga.

Shi ma acaɓan bai daɗe a kan gadon ba. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku domin su, a ƙarƙashin shirinta na gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. (Ga mu masu nazarin harshe, wannan abin sha'awa ne: umurnin da liman yake bayarwa kafin tayar da salla ya zama sunan shirin gwamnati, daga nan ya zama sunan abin hawa, har yau ana cewa "ɗan sahu".) Sa'an nan a ranar 19 ga Janairu, 2013, 'yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin jiha ta hana goyo a babur don haya a cikin birni. Dubban 'yan acaɓa suka koma adaidaita, mata da maza kowa ya shiga. Adaidaita kuwa ya gaji tasi gaba da baya, domin yana yin ɗauki-sauke, yana kuma yin shata. Ƙarfinsa ya fito fili a yajin aikin da masu shi suka yi a Fabrairun 2021 da Janairun 2022 a kan haraji da rajistar hukumar KAROTA, inda ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta taka sayyada a tituna, babu wata tasi da ta fito ta cece su.

To, a wannan hali ne manhajar waya ta tarar da Kano. An fara Uber ne a birnin San Faransisko na Amurka, ta shigo Ikko a 2014, Abuja a 2016. Taxify ta ƙasar Istoniya ta shigo Ikko a 2016, ta sake suna zuwa Bolt a 2019. Kano kuwa ta fara ɗanɗana abin sosai ne a 2019, ba ma da mota ba, da adaidaita, sa'ad da kamfanin OPay ya riƙa ɗaukar mutane a kan kuɗi ƙalilan yana cika wa direbobi sauran daga aljihunsa domin ya jawo jama'a. Garaɓasar ba ta daɗe ba, a 2020 kamfanin ya jingine harkar sufuri ya koma ta hada-hadar kuɗi. Motocin Bolt da takwarorinta su ne suka zauna.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Mai tafiya zai rubuta inda za shi, wayarsa ta nuna inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, manhaja ta nemo direban da ya fi kusa, ta faɗi kuɗi gwargwadon nisa da lokaci da yawan masu nema, ta kuma nuna sunan direba da hotonsa da lambar mota. Bayan an sauka kowa ya ba ɗan'uwansa taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Kamfanin ba shi da mota ko ɗaya. Abin da yake ci shi ne kaso daga kuɗin kowace tafiya, wanda a manyan kamfanonin ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

A ganina, Bahaushe ya san wannan sana'a tun kafin a ƙera mota. Sunanta dillanci. A zamanin fatauci, baƙo yakan sauka a gidan fatoma, shi ne zai haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa, ya ci la'ada. A tashar mota kuwa akwai ɗan kamasho, mai haɗa fasinja da direba ya karɓi nasa. Manhaja ɗan kamasho ce da ba ta tsayuwa a rana, kuma hajarta ita ce amana tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba. Saboda haka rabin tasi kawai ta farfaɗo da shi, watau shata. Ɗauki-sauke, wanda shi ne abin hawan mai sayar da kayan miya da ɗalibin da ke lissafin kuɗin abincinsa, yana nan a hannun ɗan sahu.

Ba na raina wannan rabin. Cikinsa akwai alheri na gaske, musamman ga mata. Matsalar da gwamnati ta so ta warware da doka a 2005, watau yadda mace za ta yi tafiya cikin mutunci, manhaja ta taɓa ta ta wata fuskar: yarinya tana iya aika wa mahaifiyarta ko yayanta sunan direba da lambar mota, su riƙa ganin tafiyarta a taswira har ta sauka. Baƙo kuma ya huta da yankan kai, domin waya ba ta duban riga. Haka nan da gwamnati ta hana adaidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a Yulin 2022, wanda naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare ya san amfanin motar da ake kira daga ɗaka. Sai dai duk wannan na mai babbar waya ne da kuɗin data da ɗan karatun boko.

Kano ma ba ta bar manhajar yadda ta zo ba. Taswira ta san Zoo Road da Hotoro, amma ba ta san lungunan cikin birni ba, inda gida ba shi da lamba sai sunan mai shi. Saboda haka da zarar ka kira mota sai direba ya bugo: "Alhaji, kana ta ina ne?" Kai kuma ka shiga kwatance, bayan masallaci, kusa da mai shayi, daidai inda aka tara yashi. Ciniki ma da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Kamfanin inDrive, wanda asalinsa daga Yakutsk ne a ƙasar Rasha, ya gina kasuwarsa ne a kan taye da albarka, fasinja ya taya direba ya ƙara. A sauran manhajojin kuwa sau da yawa direba yakan ce a kashe tafiyar a waya a yi jinga da baki, don ya tsira da la'adar. Wanda ya yarda da haka ya jefar da amanar da ya zo saye, domin babu sauran mai ganin inda aka nufa da shi.

Bai kamata a yi saurin zagin direban ba. Shi ne mai sayen mai, shi ne mai gyara, in motar ta wani ce shi ne mai kai balas, sa'an nan kamfani ya cire nasa daga kan jimla, ba daga kan riba ba. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Shi ne kuma yake zuwa duk inda waya ta kira shi, alhali ɓarayin mota sun gane cewa manhaja tana iya kawo musu mota har inda suka laɓe. Tsohon ɗan tasi yana da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, da ofishinta a tasha da shugaban da ake iya kai wa ƙara ido da ido. Direban manhaja kuwa, kamfani yana kiransa abokin hulɗa, ba ma'aikaci ba, kuma yana iya wayar gari ya ga an rufe masa shafi saboda ƙorafin fasinja ɗaya, ba tare da an zaunar da shi an ji ta bakinsa ba. Sai a farkon 2023 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta amince wa direbobin manhaja su yi ƙungiyarsu, a watan Yuni na wannan shekara kuma suka kashe wayoyinsu a manyan biranen ƙasar nan, suna neman a ƙara kuɗin tafiya a kuma rage la'ada.