Daɓen katako a gidan da ake kiwon kare: abin da ya kamata a sani kafin saye

Yawancin gidajen Kaduna da tayil ko siminti ake daɓe su, amma a unguwanni irin su Unguwar Rimi, Malali da Unguwar Sarki ana samun masu sha'awar daɓen katako a falo da ɗakunan kwana. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje suna da karnukan gadi. Ko da yake galibi a tsakar gida ake ajiye su, wasu sukan bar su su kwana a baranda ko su ratsa falo. Daɓen katako kuwa aiki ne mai cin kuɗi, kuskure ɗaya a wajen zaɓe zai iya lalata shi cikin shekara guda.

Abin da aka fi tsoro shi ne faratan kare, don haka ake fara duba ƙarfin itace. Ana auna wannan da ma'aunin Janka, wanda ya samo sunansa daga Gabriel Janka, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya. Ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 har rabinsa ya nutse cikin katako, sai a lissafa ƙarfin da hakan ya ci. A wannan ma'auni, itacen kawo yana kaiwa kimanin 1,800, loko da 'yan katako ke kira iroko kimanin 1,260, tik kuma kimanin 1,070. Obeche, farin katakon nan mai araha, bai kai 500 ba, shi ya sa bai dace da daɓe ba ko da babu kare a gida. Loko da tik suna da ƙarin fa'ida, domin gara ba ta cika cin su ba. Maɗobiya tana da ƙarfi da kyau, sai dai yawan saranta ya sa tun 2017 aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Amma a Kaduna, yanayi ya fi farce ɓarna. Daga Mayu zuwa Oktoba iska cike take da laima, katako ya sha ya kumbura. Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ya bushe ya tsuke. Loko kuma daga dazuzzukan kudu ake kawo mafi yawansa, sau da yawa bai gama bushewa ba. Idan aka shimfiɗa shi a haka, hunturun farko zai buɗe tsaga tsakanin allunan. Ta nan fitsarin kare da ruwan da ya zuba daga kwanonsa suke shiga, su bar baƙin tabo da warin da wanki ba ya fitarwa.

Saboda haka, wanda ya je sayayya Panteka ko wata kasuwar katako, ya fara tambayar yaushe aka tsaga itacen da yadda aka busar da shi. Idan da hali, a gwada da na'urar auna danshi, kada ya wuce kashi 12 cikin ɗari. A jera allunan a ɗakin da za a yi aikin har mako ɗaya ko biyu kafin kafinta ya fara. Sabon siminti a bar shi ya bushe aƙalla wata biyu, a sa leda ko wani shingen danshi a ƙarƙashi, sannan a bar tazarar kamar santimita ɗaya a jikin bango domin kumburin damina.

Shafin sama ma abin lura ne. Folish mai ƙyalli sosai yana fito da kowane ƙarzo fili, kuma santsinsa yana wahalar da kare, musamman tsoho ko mai nauyi. Marar ƙyalli ya fi rufa asiri, haka nan launi matsakaici ya fi baƙi ɓoye gashi da ƙurar hunturu. Katako na ainihi ana iya goge shi da samfefa a sabunta shi sau da dama. Lamine, wanda hoton itace ne a kan matsattsen garin katako, idan ruwa ya kumbura shi sai dai canji.

Sauran aikin na mai gida ne. A riƙa rage wa kare farata a wurin likitan dabbobi, a share yashi kullum domin shi ne ke cin folish, a goge fitsari nan take, a ajiye kwanon ruwa a kan tayil. Inda kare ya fi zama, kamar baranda da bakin ƙofa, tayil marar santsi ya fi dacewa, a bar katako ga ɗakunan ciki. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.